Haɗa teburin sauraro a Agege: daga HD 600 tokumbo zuwa inda kuɗin suka tsaya

Asabar, 3 ga Mayu 2025

Yau dai na ɗauko hedifon ɗin. Sennheiser HD 600 ne, tokumbo, a wani ɗan shago ta wajen Otigba a Computer Village. Oga ya fara da naira dubu 420, muka yi ta ja har sai da na cire masa soson kunnen na nuna masa yadda ya lotse sannan ya sauko 335, nace alhamdulillah.

Kasafin da na yanke wa kaina dubu 650 ne gaba ɗaya, hedifon da amfilifaya da duk wani tarkace da zai biyo baya, in sun ƙare sun ƙare. Shi yasa zan riƙa rubutawa a nan, don a wannan harkar kuɗi zurarewa suke mutum bai ankara ba, yau waya gobe DAC (na'urar da ke mayar da fayil ɗin waƙa ya zama sauti) jibi kaji ance ai sai da amfilifaya mai kwalba, wato mai fitilun gilashi irin na tsohuwar rediyo.

Dalilin da yasa na zaɓi wannan: tun 1997 ake yinsa kuma har yau ana sayar da sabo, sannan komai na jikinsa ana cirewa a sa wani, soson kunne, soson ka, wayar, har ragar bayan. Ga wanda ke zaune a Legas wannan ba ƙaramin abu bane, don in abu ya lalace ba inda zaka kai a gyara maka da garanti. Nawa tsohon yayi ne mai fentin dabbare-dabbare, kafin su canza zuwa fenti ɗaya a 2019, kuma an rubuta Made in Ireland a jiki.

Kafin in biya na tsaya na gwada a shagon duk da hayaniyar wajen. Na sa masa sautin gwaji mai tashi daga 20 Hz, wato can ƙasan bes, zuwa sama ina sauraron ko akwai inda zai yi ɓararrr, don gashi ɗaya in ya shiga kan sifikar ya isa ya sa shi kaɗawa a bes. Na sa muryar mutum ɗaya naji ko tana zaune a tsakiyar ka ko ta karkata gefe. Na jijjiga wayar ta wajen makunnin kowane kunne. Duk lafiya.

Talata, 6 ga Mayu

Wayata bata iya ɗaga shi. Na san da haka amma ji da kunne daban ne, na ƙure bolum har ƙarshe kuma sautin na nan a kwance ba kuzari. Om 300 ne da shi (om shine ma'aunin yadda abu ke turje wa wutar da ke bi ta cikinsa), galibin iyafis da hedifon da muke sawa a waya kuwa om 16 zuwa 32 ne, don haka shi wannan boltej, wato ƙarfin turin wuta, yake nema ba wai yawan wutar da ke gudana ba.

Ƙanina ya ara min ɗan mahaɗin Apple ɗin nan na USB-C mai ramin 3.5, kuma ga abin da mutane da yawa basu sani ba: kala biyu ne. Na Amurka yana fitar da bolt 1, na Turai rabin bolt. A kasuwarmu duk a cakuɗe suke don kayan London da na Amurka tare suke shigowa. Nasa na Turai ne. Ana ji dai, karatu da hira ba matsala, amma kiɗa mai shiru sai ka kai ƙarshe.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na wanke tsohon soson da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ruwan da ya fito ba kyan gani. Ya bushe amma bai taso ba. Na ba da odar sabo na asali.

Asabar, 17 ga Mayu

Amfilifaya ta iso. Ta hannu ce, irin ƙananan na China ɗin nan masu DAC a ciki, layin su FiiO da Topping da SMSL, dubu 165 har da kuɗin ɗan aike daga Surulere.

Da farko wani abokina dake Amurka ne yace zai turo min JDS Labs Atom, wadda ta yi suna tun fitowarta a 2018 a kan dala 99, sai muka tsaya kan maganar wuta. Irin waɗannan da taransifoma suke zuwa ba cajar zamani ba, kuma wadda ake sayarwa can ta 120V ce, mu nan 230V muke. In ba ta 230V ka nema tun daga farko ba to sai ka haɗa da step down, ƙarin kaya ƙarin waya a tebur. Na haƙura. Duk abin da za a kawo maka daga waje ka duba rubutun bayan cajar, in kaga 100-240V to ka huta.

Abu na biyu da na duba shine om ɗin mafitar amfilifayar. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na om ɗin hedifon. Ga om 300 kusan komai ya wuce jarabawa, amma ina so nan gaba in iya sa ƙaramin iyafis, shi yasa na nemi wadda nata bai kai om 2 ba.

Sauti kam ya tashi. Bolum bai kai rabi ba ya ishe ni. Muryoyi sune abin da wannan hedifon ya iya, kamar mai maganar yana gabanka, bes ɗin can ƙasa ne dai babu sosai.

Laraba, 21 ga Mayu

Wahala ta fara. Akwai wani zzzz siriri da ke zaune a bayan sautin, in kiɗa na tafiya baka ji sosai amma da an yi shiru sai ya fito, kuma da ka ji shi sau ɗaya shikenan kunnenka ya dinga nemansa.

Na fara zargin amfilifayar, har na ɗauko waya zan kira wanda ya sayar min. Sai nace bari in bi abin ɗaya bayan ɗaya. Na cire USB daga laftof, shiru tsit, ko na ƙure bolum ba komai. Na mayar, ya dawo. Na bar USB ɗin na zare cajar laftof daga soket, ya ɓace. To ashe ba daga akwatin bane, ta cajar laftof yake shigowa ya bi wayar USB ya shiga. Kuma in na ɗora hannu a jikin amfilifayar sai ya ragu, wanda ke nuna ba inda wutar da ke yoyo take sauka sai jikina. Dama na daɗe ina jin ɗan girr a tafin hannu in na taɓa murfin laftof yana caji, ban taɓa haɗa abin da wannan ba.

Na kwance soket ɗin bango bayan na kashe wuta daga mita, ramin na uku wato na ayan, wanda ke sauke wutar da ke yoyo zuwa ƙasa, ba waya ko ɗaya a jikinsa. Na duba na falo, haka. Gidan haya ne tsoho, duk wayoyin biyu-biyu aka ja.

Sannan abin kala-kala ne. In wutar gari ce zzzz ɗin kaɗan ne. In inbata ce ya fi tsanani, don tawa ba mai tsaftatacciyar igiya bace, irin mai araha ce da ke fitar da wuta a yanke-yanke, ita ce ma ke sa fanka kuka. In janaretan gidan ne sai ya riƙa hawa da sauka tare da injin, in firij ɗin maƙwabta ya tashi sai kaji ƙas a kunne. Masu rubutu kan hedifon a Turai basu cika wannan maganar ba don su wuta ɗaya suka sani, mu uku muke juyawa a rana.

Laraba, 28 ga Mayu

Na sayo ɗan abin raba USB ɗin nan da ake cewa yana yanke ƙarar, dubu 18. Na sa, kwamfuta ta ƙi ganin DAC ɗin kwata-kwata. Bayan bincike sai na gane masu arahar nan masu cif ADuM3160 gudun 12 Mbps kawai suke ɗauka, nawa DAC ɗin kuwa a 480 Mbps yake magana kuma baya saukowa. Masu ɗaukar 480 suna nan amma kuɗinsu ya ninka. Mai shagon yace ba a mayarwa in an buɗe leda. Yana cikin durowa.

Abin da yayi aiki bai ci ko dubu biyar ba: tsohuwar wayata ta Android da ke ajiye, na zuba mata waƙoƙin a memori, na haɗa ta da DAC da wayar OTG, wato mai haɗa waya da kayan USB. Batir ne, ba ruwanta da bango. Shiru. In kuma laftof nake so sai in cika shi in zare caja, yana kai ni awa biyu da wani abu.

Lahadi, 1 ga Yuni

Wannan ne abin da ya kamata duk ɗan Legas ya yi tunani a kai kafin ya sayi hedifon mai buɗaɗɗen baya. Bayan HD 600 raga ce, iska na shiga sauti na fita, shine sirrin da yasa baka jin kamar an toshe maka kai, amma kuma duk abin da ke faruwa a unguwa yana cikin waƙarka. Janaretan mai aski, hon ɗin keke da danfo daga titi, lasifikar coci ta can da ta masu biki ta nan, ga fankar sama wadda ita ma ashe ƙararta ba kaɗan bace, sai da na kashe ta naji abin da take cinyewa. In kuma ka kashe ta gumi ya jiƙe soso cikin minti ashirin.

Haɗarin shine kana ƙara bolum ne don ka danne hayaniya ba tare da ka sani ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babba kada ya wuce dB 80 (dB shine ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a sati, kuma duk ƙarin dB 3 yana raba lokacin biyu, wato a 83 awa 20, a 86 awa 10, a 89 awa 5 kacal a sati guda. Na sa ɗan tef a jikin makunnin bolum daidai inda nake saurare da dare lokacin da gari yayi tsit. Da rana sai na tarar hannuna ya wuce tef ɗin da nisa. Yanzu dokar ita ce in har sai na wuce tef kafin inji daɗi to ba lokacin sauraro bane, in ajiye.

Lokutan da suka rage min kenan biyu, bayan sha ɗaya na dare in akwai wutar gari kowa ya kashe inji, da kuma bayan asuba kafin titi ya farka. Na bayan asuba ya fi, sai dai uwargida tace tana jin komai daga ɗaki, tace wai wannan wane irin hedifon ne da har maƙwabci ke saurare tare da kai.

Juma'a, 6 ga Yuni

Babbar sallah. Ban taɓa komai ba, gida cike da baƙi da yara, na kulle shi a sif.

Asabar, 14 ga Yuni

Sabon soso ya iso, dubu 72 da kuɗin kawowa. Ciwo a aljihu, amma gaskiya tunda na fara wannan aikin ba abin da ya canza sautin kamar shi. Tsohon da ya lotse yana kawo sifikar kusa da kunne ya sa komai yayi duhu da kauri, sabon ya buɗe saman, kaɗan-kaɗan ɗin shantu da ƙarar tafi duk suka fito. Akwai na kwaikwayo masu araha sosai har da na leda, na ƙi su don tsayin soso da yadin da aka yi shi da shi suna cikin lissafin sautin tun daga masana'anta.

Da na buɗe sif kuma sai naga soson ka ya fara fari-fari, fumfuna ce. Damina ta kankama, ruwa kusan kullum, bango ma gumi yake. Sati ɗaya kawai a rufe. Na goge da ɗan sifirit na shanya a gaban fanka, na sayo robar abinci babba mai murfin da ke kamawa da ƙullin silika, yanzu nan yake kwana. Silikar in ta sha ruwa ana gasa ta a mayar.

Lahadi, 22 ga Yuni

Naje Lekki wajen wani Alhaji da muka haɗu ta wannan harkar, yana da DAC da kuɗinsa ya fi duk abin da ke teburina sau uku. Ya daɗe yana ce min Malam sai ka ji wannan zaka san kana wasa ne. Na tafi da akwatina da hedifon da mitar awon boltej da na saya dubu 14.

Da farko mun saurara haka nan ido buɗe kuma wallahi nasa yafi, faɗi, nauyi, komai. Sai nace Alhaji bari mu daidaita ƙarfin tukunna. Muka haɗa su biyun a amfilifayarsa ɗaya, na sa sautin 400 Hz na auna boltej a bakin mafita, ashe nasa yana fitar da fiye da nawa. Kunne kuwa duk abin da ya ɗan fi ƙarfi ko da rabin dB ne sai yace maka ya fi kyau, ba zai ce maka ya fi ƙara ba. Muka daidaita su har mita ta nuna abu ɗaya, muka juya baya, yaronsa yana canzawa ba tare da ya faɗa mana wanne bane yana rubutawa a takarda.

Nawa sakamakon rabi da rabi ne, wato canka kawai nake. Na Alhaji ma bai wuce haka ba, yace yaron ne ya rikita takardar, muka sake da ni a matsayin mai canzawa, bata canza zani ba. Yayi dariya yace to ai shi dai ko don kyan akwatin ya biya. Kuma wannan ba laifi bane, mutum ya sayi abu don yana burge shi, rimot ɗinsa da allonsa da ƙarfen jikinsa duk abin so ne. Ni dai kuɗin DAC ya fita daga lissafina.

Abin da ya bambanta a gidansa da gaske shine hedifonsa HD 800 S, wannan ko ido rufe ko buɗe ba mai haɗa shi da nawa, sautin yana baje can nesa da kai. Da kuma ɗakin, gilashi biyu, sola, esi mara ƙara. Nawa hedifon ɗin ma a ɗakinsa ya fi yadda nake jinsa a gida daɗi.

Goslo ɗin dawowa ta Third Mainland kuwa sai addu'a.

Lahadi, 29 ga Yuni

Satin nan tsaftace waƙoƙi nayi. Hedifon mai kyau ba ya rufa wa kowa asiri. Tsoffin waƙoƙin kalangu da na kuntigi da nake ji tun ina yaro, yawancinsu daga kaset aka kwafo, aka matse su zuwa MP3 ƙarami, suka bi ta Bluetooth da Xender da WhatsApp hannu zuwa hannu, wani ma an sake matse shi sau da yawa. A sifikar waya lafiya lau suke, a nan kuwa sai kaji shhh na kaset da wani ruwa-ruwa a saman muryar. Na zamani kuma matsalarsu daban, an ƙure musu ƙarfi a situdiyo har sun daki rufi, komai a gaba ba mai ba wani hanya, minti goma kunne ya gaji. Abin mamaki wasu tsoffin ɗaukar da aka yi da makirfo ɗaya a fili sun fi su numfashi.

Na sa manhajar Spek tana nuna hoton sauti, da yawa daga fayilolin da aka tura min da sunan FLAC, wato fayil ɗin da ba a rage masa komai ba, a wajen 16 kHz suke yankewa cak, alamar MP3 128 ne, wato wanda aka matse sosai, aka canza masa riga. Na gaske daga faifan CD yana iya kaiwa 22 kHz, don 44.1 kHz ake ɗaukarsa kuma rabin wannan ne iyakarsa. Tsakanin FLAC na gaske da MP3 320 kuwa na gwada a manhajar foobar2000 da ABX, wato gwajin canka ba tare da ka san wanne ke tafiya ba, ban iya rabewa ba. Tsakanin 128 da 320 ina rabewa in akwai kuge ko tafi. Don haka na daina cinye data wajen neman manyan fayilolin 24/192 da suka wuce ma'aunin CD, abin da nake nema yanzu shine kwafi mafi kusa da asali. Akwai wani dattijo mai tsoffin kaset a nan Agege da nake so in zauna da shi.

Asabar, 5 ga Yuli

EQ, wato ɗaga ko rage wani ɓangaren sauti da manhaja. Kyauta ne kuma shine na biyu bayan soso wajen canza sauti. A laftof Equalizer APO, a waya Wavelet. Na ɗauko saitin HD 600 daga shafin AutoEq wanda ke bin layin Harman, wato binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi kan irin sautin da yawancin mutane suka fi so a hedifon. Ban bi shi duka ba, tsakiyar hedifon ɗin nan bata buƙatar taɓawa a kunnena. Bes kawai na ɗaga daga wajen 105 Hz zuwa ƙasa da kamar dB 5, sannan na rage babban ƙarfin da dB 6 don kada ya fashe, wannan ragewar dole ce kuma anan amfilifaya ke biyan kuɗinta don ita zata cike gurbin.

Yanzu ganga tana da ciki. Da na kai dB 8 sai ya fara ɓurɓuri in an ƙara bolum, na dawo 5.

Alhamis, 10 ga Yuli

Wani ya min tallar wayar azurfa dubu 120 wai tana buɗe sauti. Nace ya kawo mu gwada baya juye kamar na Lekki. Bai sake magana ba.

Asabar, 19 ga Yuli

Lissafi zuwa yau: hedifon 335, amfilifaya 165, soso 72, abin raba USB da ke durowa 18, mita 14, OTG da roba da silika 9. Dubu 613 kenan, saura 37.

Su 37 ɗin iyafis mai shiga cikin kunne zan saya da su, irin 7Hz Zero ko Moondrop Chu, don lokacin janareta da cikin BRT, tunda suna toshe hayaniya ba sai na ƙure bolum ba. Zanje Ikeja ranar Talata in duba, in ban samu wanda na yarda na asali bane in yi oda.

Amfilifaya mai kwalba na jingine ta. Irin su Bottlehead Crack om 120 ne mafitarsu, kuma da yake om ɗin HD 600 yana haura 500 a wajen 100 Hz haɗin yana ƙara masa kauri a bes, wanda na riga na samu da EQ. Ga zafi, ga wutarmu mai hawa da sauka.

Na yi magana da maigidan haya kan ayan, yace in zan biya rabi ya yarda a kafa sandar tagulla a bayan gida a ja waya zuwa soket biyu. Mai wayarin zai zo Asabar mai zuwa ya faɗi kuɗi, wannan daga kuɗin gida zai fita ba daga 650 ba tunda har firij da laftof zasu amfana. Sannan a watan Agusta ina so inje asibiti a auna min ji, don na lura a sautin gwaji kunnen hagu yana sallama kafin na dama, ina so in sani ko ni ne ko sifikar ce kafin in taɓa balans a EQ.